Bindigar Ganin Wata

Ban taɓa zama maharbi ba. Ko ɓera ban taɓa kashewa da bindiga ba. Amma a shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, bindigogin toka goma sha ɗaya ne jere a bangon zaurena a unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi, kuma duk a gwanjo na saye su. Irin waɗanda ake ɗurawa ta baki nake nufi, a zuba albarushi, a tura tsumma, a danna da sandar ƙarfe. Sababbin bindigogin Turawa masu harsashi a kwanso ba su taɓa ba ni sha'awa ba, duk kamarsu ɗaya, kamar ƙwan zabi. Tsofaffin kuwa kowace da fuskarta, kowace da tabon da ta samo a wani wuri.

A Kumasi wannan ƙaiƙayi ya kama ni, ina saurayi, ina bin fataken goro. A can na ga yadda ake buga bindiga wurin jana'izar manya, hayaƙi ya rufe gari kamar ana toya tukwane. Daga baya, a hanyarmu ta zuwa Makka ta ƙasa, na tsaya wata da watanni a Omdurman, inda na ga dogayen bindigogi masu adon azurfa a rataye a shagon wani tsoho. Ba ya harba su, ba ya ma son sayarwa, kallonsu kawai yake yi yana shan shayi. Na ce a raina, in Allah ya ba ni zauren kaina, haka zan yi. Da na dawo gida na sami aikin tafinta, saboda ban da Hausa ina jin Zabarmanci da Fulatanci da Larabci da Turanci, da ɗan Faransancin da ke hana mutum kwana da yunwa, sai na fara cika alkawarin.

Shi ma gwanjon a Kumasi na koye shi, wurin wani Kwara, wato Balarabe, mai sayar da yadi. Darasi ɗaya ya ba ni, ya ce in riƙe shi kamar layya a wuya. Ya ce, in ana tayi kada ka dubi kowa sai mai ƙararrawa. In ka dubi abokin tayinka, ko dai ya ba ka tsoro ko ya ba ka tausayi, kuma duka biyun hasara ce. Na riƙe wannan magana shekaru, ta yi mini amfani a garuruwa da yawa, har ranar da ta kai ni ta baro.

Bayan an sauke tutar Turawa, gwanjo ya yawaita a Birnin Kebbi. Duk Baturen da zai koma ƙasarsu sai ya fito da kayan gidansa a ƙarƙashin itatuwan maɗaci, a buga ƙararrawa, gari ya taru. Rabin masu zuwa ba sayayya ke kawo su ba, kallo ne da dariya. Na ga wanda ya sayi bahon wankan matar Bature ya mai da shi wurin shayar da jakuna. Na ga malamin da ya sayi firiji mai aiki da kananzir, bai taɓa kunna shi ba, littattafansa ya jera a ciki don ya ce gara ba ta cin ƙarfe. Wani mahauci ya sayi garmaho ba tare da faifai ko ɗaya ba, ya yi sati yana juya hannun yana jiran waƙa. Kowa fuskarsa a sake take a kwanakin nan. Ƙasa ta zama tamu, har kujerun da ba a barin mu zauna a kai sun zama namu. In an gama da kayan gida, sai a fito da bindigogin da 'yan doka suka karɓe a ƙauyuka saboda ba su da lasin. A nan ne ni nake gyara zama.

Abokin zuwana gwanjo wani kafinta ne maƙwabcina, Kirista, mutumin duwatsun wajen Jos. Aikin ginin gwamnati ya kawo shi, ya ga shinkafa da kifi sun karɓe shi, ya aika aka kawo masa matarsa da 'ya'yansa. Shi ke gyara mini ƙotar duk bindigar da na saya. Bai taɓa fahimtar abin da nake yi da su ba. Yakan ce, "Alhaji, mutum ya tara kaji su yi ƙwai, ya tara awaki su haihu. Waɗannan fa, me suke haifa, ban da tsatsa?"

Ranar da nake ba da labari cikin watan Sha'aban ne, saura kwana kaɗan azumi. Da aka kwance damin bindigogi a kan tebur, idona ya faɗa kan guda ɗaya bai sake tashi ba. Ta fi ni tsawo. Ƙotarta ta yi baƙi wuluk saboda hannuwan da suka riƙe ta, an naɗe tsakiyarta da fatar da ta bushe ta zama kamar ƙarfe. Mai ƙanƙara ce, wato dutse ke ƙyasta mata wuta, irin da ko a lokacin an daina ganinsu. A wuyanta akwai igiyoyin fata huɗu kitsattsu, ja da baƙa da fara da ruwan ƙasa. Na ɗauka ado ne. Ban taɓa ganin irinta ba ko a Omdurman.

Mai gwanjo ya ɗaga ta da hannu biyu ya ce a taya. Na kafa masa ido kamar yadda aka koya mini. Daga wajen ƙafar tebur wata murya ta tsufa ta yi tayi, kaɗan ƙwarai, abin da ko ƙotar bai saya ba. Sai wuri ya yi tsit. Maharban da kullum muke ja da su, ba wanda ya ce uffan. Na ce a raina yau Allah ya rufe idon kowa sai nawa. Na ɗaga yatsa.

Mai gwanjo ya yi tari. Ya dube ni, ya dubi sama, ya gyara hularsa. Kafinta ya ja mini hannun riga, na fizge, na ɗauka tsegumin tsatsa zai sake yi. Muryar nan ta ƙara kaɗan. Na ƙara. Ta sake ƙarawa, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Na ƙara da yawa don a gama. Daga nan ban sake jin ta ba. Mai gwanjo ya ja lokaci fiye da yadda ya saba, amma akwai akawun Bature a zaune yana rubutu, ba yadda zai yi. Ya buga ƙararrawa.

A garinmu in mutum ya yi saye a gwanjo, ko tsintsiya ce, sai an ce masa Allah ya sa albarka. Ranar ba wanda ya ce mini. Sai a lokacin na sauke ido. Wani tsoho ne tsugune a gindin tebur, baƙi, siriri, da zanen Kabawa a kumatunsa, kansa ba komai. Malfarsa tana kan teburin, daidai inda ƙotar bindigar take kafin a ɗaga ta. Ya miƙe, ya ɗauki malfar, ya kaɗe ta a gwiwa, ya aza a kai. Ya dube ni ba fushi ba fara'a, ya ce, "Alhaji, Allah shi sa ta bi ka." Ya ratsa mutane ya tafi.

A hanyar gida ina saɓe da ita, muka wuce kasuwa ni da kafinta. Sannan ya ce, "Alhaji, harsuna nawa ka ce kana ji?"

Na ce, "Biyar, shida in an haɗa da na Faransa."

"To, harshen malfa fa, a wace ƙasa za ka je ka koyo shi? Ni baƙo ne, ko sallarku ba na yi, amma shekara tara a garin nan sun ishe ni in san wannan. In mai abu ya zo ya aza hularsa a kan kayansa, ba a tayawa. Ya zo fansa ne. Duk mutanen nan da ka ga sun yi shiru, ka ɗauka ba su da kuɗi ne?"

Na san al'adar. Tun ina yaro na san ta. Idona ne kawai na bari a Kumasi. Na juya na nufi tasha, aka ce motar Argungu ta tashi da tsohon a ciki. A nan ya kamata in faɗi gaskiya: ban yi saurin da ya kamata ba, kuma da aka ce motar ta tashi, wani gefen zuciyata ya yi hamdala.

Na kai ta gida na buga mata ƙusoshi a saman duk sauran. Na ɗauko man keken ɗinkin uwargidana, na yi kwana uku ina shafa mata, ciki da waje, har cikin ɗan ramin da wuta ke bi ta shiga, har ƙarfen da dutsen ke bugu. Ta yi sheƙi kamar tarwaɗa. Akwai tsaga a ƙotar, kafinta ya ɗaure ta da turaku biyu na katako yana gunaguni, ya ce shi dai aikinsa yake yi, zunubin na mai kaya ne. Kowace safiya nakan zauna a zaure in dube ta. Nakan ce wa kaina bayan salla zan nemi tsohon mu yi magana.

Ran uku ga azumi, mun zauna buɗa-baki, uwargida ta ajiye mini kunu ta zauna nesa kaɗan, irin zaman da ke nuna akwai magana.

Ta ce, "Malam, yau mai bandar kifi ta zo daga wajen Argungu. Ta ba mu wani labari, mun yi dariya har mun gaji, daga baya kuma muka ji tausayi."

Na ce ina ji.

"Wai akwai wata tunga, ɗan ƙauyen masunta, a bakin gulbi da ke kan tudu, su ke fara ganin wata. In sun gani sai su buga wata bindiga, Tsohuwa suke ce mata, tungayen da ke ƙasa su ji, su buga ganga, na gaba su ji. Tun kakanni haka ake yi. To bana ba a ji Tsohuwa ba. Mutanen ƙasa suka ce ashe wata bai tsaya ba, suka tashi da safe suka dama fura. Sai da azahar wani mai jirgi ya iske su suna suɗe ludayi. Wai akwai wata gyatuma da tun da ta balaga ba ta taɓa shan ranar farko ba, ta zauna ta yi ta kuka kamar an yi mata mutuwa."

Na ajiye kofin kunun.

"Wai wani Alhaji ɗan boko ne ya saye ta a Birnin Kebbi, ya rataye a bango kamar faifan amarya." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ta tambaye ni ko na san shi. Ni dai na ce ban san shi ba. Kuma man kekena ya ƙare."

Washegari na naɗe bindigar a tabarma na hau motar Argungu. Daga can na bi wani mai jirgi muka gangara gulbi. Ruwa ya ja baya a lokacin, fadama ta yi kore da albasa, masunta na tsaye cikin ruwa har ƙugu da homar kamun kifi a hannu. Na iske tsohon a ƙarƙashin wata tsamiya yana ɗinkin taru. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da azumi da gajiyar hanya, bai dubi tabarmar ba ko sau ɗaya. Da na kwance ta a gabansa, hannunsa ya tsaya da ɗinki, amma bai taɓa ta ba.

Na ce, "Baba, na yi kuskure. Ban ga malfarka ba. Ga kayanka, ba na son ko anini."

Ya ce, "Ba kayana ba ta, ɗana. Da kayana ta, da ba a karɓe ta ba."

Ya nuna igiyoyin nan huɗu da tsinken ɗinkinsa. Ya ce gidaje huɗu suka kafa tungar, kowane gida da igiyarsa, bindigar ta su duka ce. Shi mai bugawa ne kawai, kamar yadda ubansa ya buga. Da aka zo da maganar lasin, aka ce sai an rubuta sunan mutum ɗaya. Suka yi shekara biyu suna shawara. In aka rubuta sunan wani, ran da ya mutu 'ya'yansa za su kai takarda gaban alƙali su ce gado ce, alƙali kuwa takarda zai bi. Ba gidan da ya yarda a rubuta na wani, ba kuma wanda ya yi rashin kunyar cewa a rubuta nasa. Suna cikin wannan 'yan doka suka zo.

Na ce, "To da ka fanso ta a gwanjo, sunan wa za ku rubuta?"

Ya yi dariya a karon farko. "Munka ce mu dai mu maido ta gida tukuna, ta faɗa muna azumi da salla, in sunka dawo su sake ɗauka. Yanzu in na karɓa, ran kasuwa mai zuwa tana hannun 'yan doka, wata mai zuwa tana gwanjo, wani Alhajin shi saye. Gara kai, aƙalla ka san hanyar gidanmu." Ya kalle ni ta gefen ido. "Kuma ka sani, wagga bindiga ta san mutanen Birnin Kebbi tun zamanin yaƙi. Sai dai ta baya ta san su."

Na ce, "Ai ga shi yau ɗayansu ya goyo ta a baya ya kawo ta."

Dariyar da ya yi ta jawo limamin tungar, wanda ke zaune ba nisa yana jan carbi. Muna cikin hira sai na tuna wani abu da na gani a Omdurman. A bakin hanyoyinsu akwai randunan ruwa a ƙarƙashin rumfa, kowa ya sha. Ba na kowa ba ne, ba a sayarwa, ba a gado, amma akwai mutum ɗaya da sunansa ke rubuce wurin alƙali a matsayin mai kula. Na ba su labari. Liman ya ce ai wannan hubusi ne, wato waƙafi, yana cikin littafi, su dai ba su taɓa tunanin ana yi wa bindiga ba. Na ce sunana ya riga ya hau takarda, kuma ni ba ɗan kowane gida ba ne cikin huɗun, babu wanda zai ce an ɗaukaka wani a kan wani. Zan shaida a gaban liman cewa ba ta cikin abin da 'ya'yana za su gada. Za ta kwana a zaurena tunda haka takarda ta ce, amma duk watan da ake jira, ni zan kawo ta da kaina.

Aka kira masu gidajen huɗu. Suka yi ta jujjuya maganar har la'asar sakaliya, ba don ba su yarda ba, sai don abu mai girma ba a yarda da shi da wuri. A ƙarshe liman ya rubuta da ajami, aka shafa fatiha. Tsohon ya ce, "Ran ashirin da tara, kahin rana ta yi ja. In ka makara, mutanen ƙasa za su tashi da azumi ran salla, ba tuwo ba miya, kuma sunanka za su kira."

Ran ashirin da tara ban makara ba. Kafinta ya ce sai ya bi ni, wai yana so ya ga ko turakunsa za su riƙe, in kuma ba su riƙe ba yana so ya ga inda zan faɗi. Muka iske duk tungar ta hau kan tudun da ke kallon gulbi, maza a gaba, mata a baya da turame a kife, suna jira a ce musu su fara dakan salla. Rana ta faɗi, aka yi kiran salla, muka sha ruwa a tsaye, muka yi magariba a gaggauce. Kowa ya juya yamma. Sama ta yi ja kamar garwashi, sannan ta fara dusashewa. Tsofaffi suna kare ido da hannu, kowa na nuna inda ya fito bara.

Sai muka ji, "Ga shi can! Bisa giginyar nan, ta hagu!"

Kafinta ne. Aka fashe da dariya. Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Madalla da idon mai awon katako. To maza nuna ma Musulmi biyu su gani, mu samu na shaida." Kafinta ya kama kan wani dattijo da hannu biyu ya juya shi kamar yana saita ƙofa, har dattijon ya yi kabbara. Na biyu ma ya gani. Ni ma na gan shi, siriri kamar yankan farce, yana daf da kan giginyar.

Tsohon ya riga ya karɓi bindigar. Ya auna albarushi a tafin hannunsa daga wani ƙahon saniya, ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sanda, ya gwada abin da ya rage na sandar da yatsunsa huɗu. Ba a sa mata harsashi, murya kawai ake so. Ya zuba ɗan kaɗan a kaskon da ke gefen dutsen, ya ɗana, ya miƙo mini.

Na ce, "Ni?"

"Sunan wa ke ga takarda?"

Bindiga goma sha biyu gare ni, ban taɓa buga ko ɗaya ba. Na aza ta a kafaɗa, na kwantar da kumatu a kan ƙotar kamar yadda na ga Turawa na yi. Tsohon ya buge mini gwiwar hannu. "Sauke! Wagga ba ta son sumba, haƙoranka za ta kwashe. Riƙe ta ga ƙugu. Kai bakinta ƙasa, bisa ruwa, gulbi shi ka ɗaukar murya shi kai musu." Na yi yadda ya ce, na kau da fuska, na ja kunama.

Ƙyas. Shi ke nan.

Ya sake ɗanawa, na sake ja. Ƙyas. Ko tartsatsi babu. Mata suka fara ƙus-ƙus a baya. Tsohon ya karɓe ta, ya shafa ƙarfen da dutsen ke bugu, ya kai yatsan hancinsa. Ya sake shinshinawa.

"Alhaji, mi ka ba ta ta sha?"

Na ce, "Mai ne. Man keken ɗinki."

"Har cikin?"

"Har ciki, Baba. Kwana uku."

"La ilaha! Ta shekara ɗari tana azumi, kai ka zo ka ɗura mata mai. Ita riga za ta ɗinka maka?"

Kafinta ya durƙusa yana dariya har da hawaye, amma shi ya fara zaro wuƙarsa. Watan ya riga ya taɓa kan giginyar, duhu na tahowa, kuma na san a tungayen ƙasa akwai mutane tsaye a bakin ruwa sun kasa kunne. In aka yi isha ba su ji komai ba, za su shiga su yi niyyar azumin gobe. Tsohon ya sa wata waya mai ƙugiya ya zaro tsumman, ya kifa bakin bindigar, albarushin ya zubo a dunƙule kamar tuwon jiya. Ya yi kira a kawo toka. Wata mata ta kawo a kasko da zafinta. Ya yayyaga gefen rawaninsa, ya turmusa a tokar, ya yi ta zurawa yana fitarwa. Ni aka ba ni yashin gulbi na yi ta dirzar ƙarfen da na yi kwana uku ina gogewa, har sheƙin ya tafi. Kafinta ya sassaƙe bakin dutsen da bayan wuƙa ya fito da sabon kaifi. Liman ya karyo ƙayar aduwa ya tsokace ɗan ramin wutar, yana karanta abin da ban ji ba.

Tsohon ya girgiza ƙahon a kunnensa. Ya juye shi duka a tafin hannu, ya ce saura na bugu ɗaya. Ya ɗura, ya danna, ya ɗana, ya miƙo mini. Wannan karon ya tsaya a bayana ya dafa mini kafaɗu.

Na ce bismillahi, na ja.

Na ji igwar buɗa-baki a Omdurman, na ji bindigogin jana'iza a Kumasi, amma duk daga nesa na ji su. Wannan a cikin ƙashina na ji ta. Wuta ta fita tsawon mutum, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, ni da tsohon muka zauna daɓas a cikin laka, shi a ƙasa ni a kan cinyarsa. Ƙarar ta bi gulbi tana gangarawa, tana dukan gaɓa tana dawowa, har ta ɓace. Tsuntsaye suka tashi daga fadama. Mata ba su taɓa turame ba. Kowa ya juya kunne ƙasa.

Kunnena na ta ƙugi, don haka ni ne na ƙarshen ji. Fuskar tsohon na fara gani ta buɗe. Sannan na ji ta, can nesa, ganga, ƙanƙanuwa kamar bugun zuciya. Kafin ta yi shiru wata ta amsa daga can gaba. Sai guɗa ta tashi a bayanmu, aka miƙar da turame, taɓare suka fara sauka. Kafinta ya ɗauki bindigar daga laka, bai dube ni ba, ƙotar ya duba, ya ɗaga ta sama ya ce, "Turakuna sun riƙe!" Tsohon ya ce, "To ɗaga mini Alhajinka, shi ma shi riƙe kansa."

A tungar muka kwana. Da safe bayan an sauko daga idi, muna zaune a ƙarƙashin tsamiya, tsohon yana koya mini inda ake shafa mata man kaɗanya da inda ko da wasa ba a kai mai, sai ga jirgi ya taso daga ƙasa. Mai tuƙin ya hau tudu da akushi a kai, ya yi sallama, ya tambaya wane ne Alhajin Birnin Kebbi. Aka nuna ni. Ya ajiye akushin a gabana ya buɗe, tuwon shinkafa ne da kan giwan ruwa a kwance a cikin miya.

Ya ce, "Inna ta aiko ni, wadda ta sha ranar farko. Ta ce a gaya ma ɗan bokon nan ta ji Tsohuwa jiya. Ta ce kuma ranar da ta sha tana nan, za ta rama bayan salla, kai ma ka rama tare da ita."

Na rama. Ran uku ga salla na tashi da azumi, uwargida na yi mini dariya, bindigar tana rataye a saman sauran da lakar gulbi a ƙotarta. Ban goge ba.